Tsokaci a Kan Hoton Half Dome na Ansel Adams

A watan Afrilu na 1927 Ansel Adams ya yi yini guda yana hawan duwatsun gandun dajin Yosemite a Amurka, ya komo da hoton dutsen Half Dome wanda ya fito da sunansa. Jan gilashin da ya sanya a bakin kyamara shi ya mayar da sararin sama baƙi, dutsen ya ƙara kwarjini. Gwanintar ba abin musu ba ce. Sai dai mai kallo zai zaci ɗan'adam bai taɓa zama wurin ba, alhali kuwa da bakin bindiga aka kori ƙabilar Ahwahnechee daga kwarin a 1851. Wajibi ne manazarci ya auna hoton tare da wannan tarihi.