Gwanin da Ke Sauraren Taya

Da zarar ƙaramar mota ta miƙe a kan titi ta kama gudu, mafi yawan ƙarar da take yi ba daga inji take fitowa ba, daga inda taya ke haɗuwa da kwalta ne. Direbobi da dama ba su san haka ba. Mutum zai canza salansa, ya sake boris, ya hau hanyar Kano zuwa Zariya, ya tarar ƙugin nan yana nan daram. A cikin masu sana'ar taya akwai 'yan ƙalilan da suka laƙanci wannan sirri, kuma ni dai aikinsu yana burge ni.

Irin wannan gwani ba ya fara da tambayar nawa ka zo da shi. Tsugunawa yake yi ya shafa tafin hannunsa a kan zanen tayar, gaba da baya. In ya ji tudu da kwari, ya san shokozoba ya mutu, tayar tsalle take yi a kan hanya. In hannu ya wuce sumul amma da ya dawo ya ji kaifi, saitin ƙafa ne ya goce. Nan zai ɗago ya ce, "Alhaji, ko sabuwa na ɗaura maka, haka za ta koma. A fara gyara ƙafar motar." Ya bar ciniki ya wuce ke nan saboda gaskiya. Yana kuma rarrabe kukan taya da na boris da kunne: taya tana sauya murya idan an tashi daga sabuwar kwalta aka hau tsohuwa mai tsakuwa, boris kuwa ba ruwansa da kwalta, sai an karkata sitiyari nauyi ya koma gefe guda kukansa ke ƙaruwa ko ya ragu.

Daga nan sai rubutun da ke jikin tayar, wanda yawancinmu ba mu taɓa karantawa ba. Ɗauki 205/55 R16. Faɗinta milimita 205 ne, tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 na wannan faɗi, wato kusan milimita 113, sannan rim inci 16. Wannan gefen shi ne ke fara shanye duka kafin ya kai ga shokozoba, balle bayan fasinja. Taya mai 195/65 R15 gefenta ya kusa milimita 127, mai 225/40 R18 kuwa 90 kacal. Tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, dukansu uku, amma zaman cikin motar ya sha bamban. Matashi yakan sayi babban rim mai walƙiya don ado, ya ɗaura taya mai gajeren gefe, sannan ya yi ta mamakin yadda kowane rami ke dukansa har haƙori, ga gefen taya yana kumbura. Gwani zai ba shi shawarar komawa ƙaramin rim a cikin girman da kamfanin motar ya amince da shi, bayan ya tabbatar ba zai gogi birki ba. Yana duba lambar nauyi ma: 91 na nufin kilo 615 a kan kowace taya, bai kuwa yarda a sauka ƙasa da abin da aka tsara wa motar ba don neman laushi.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne zanen. Ka ƙura wa taya mai kyau ido, za ka ga 'yan gutsattsarin robar da ke gefenta ba girmansu ɗaya ba: wani dogo, wani gajere, wani matsakaici, an jera su a cakuɗe. Da gangan injiniyoyi suka yi haka. Da a ce duk girmansu ɗaya ne, da za su riƙa dukan kwalta a kan kari ɗaya, ƙarar ta taru ta zama gunji mai huda kunne. Kamar mata ne masu daka: in taɓarensu na sauka tare, unguwa duka ta ji, in kuwa kowace da nata lokacin, sai amon ya watse. Iska ma tana da nata kuka, domin taya na matse ta a cikin ramukan zanen ta sake ta sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Shi ya sa tayar laka mai manyan haƙora, wadda ake ɗaura wa Hilux, take ruri a kan kwalta. A burji da damina ita ce sarauniya. Amma wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Kaduna zuwa Abuja ba, ciwon kai ya saya da kuɗinsa.

Akwai kuma ƙarar da ke tashi daga cikin tayar kanta, inda iskar da ke kulle take amsa kuwwa. Manyan kamfanoni sun yi mata magani da soso da suke mannawa a ciki: Continental na kiran nata ContiSilent, Michelin na kiran nata Acoustic. Motocin lantarki sun fi bukatarsa, tunda babu injin da zai rufe ƙarar. A Tarayyar Turai, tun Nuwamba 2012 doka ta wajabta a manna wa sabuwar taya takardar da ke nuna ƙararta da ma'aunin desibel, a 2021 kuma aka raba ƙarar aji A, B da C. Ƙarar da ake ji daga wajen mota takardar ke aunawa, don haka gwani yana ɗaukar ta a matsayin manuniya kawai.

A kasuwar gwanjo idonsa ya fi amfani. Taya mai hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, don sanyin Turai aka yi ta, zafin kwaltarmu cinye ta yake yi da wuri. Sai lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a jikin tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019. Roba tana bushewa da shekaru ko zanenta bai taɓu ba, busasshiyar taya kuwa ga tauri, ga ƙara, ga haɗari.

Iska ce ƙarshen aikinsa, kuma a nan ake gane shi. Wani mai faci zai danna wa taya da babban yatsa ya ce ta yi, ko ya ɗura mata iska har geji ya nuna 45 wai don ta daɗe. Gwani kuwa ƙofar direba yake buɗewa ya karanta takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙi, wadda a yawancin ƙananan motoci take nuna tsakanin 30 da 35. Adadin da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba abin da motar ke so ba. Iska ta yi yawa, mota ta riƙa dira, tsakiyar taya ta suɗe. In ka roƙe shi ya rage ƙasa da ƙa'ida don ka ji laushi, ba zai yi ba, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka har ta fashe a tsakiyar tafiya. Zai ce ka dawo da sassafe, kafin ta taka hanya ta yi zafi, a ɗora mata geji.