Waƙoƙin Sawaba da Hanyar Gyaran Zamani: Nazari Daga Ƙofar Wambai

Ƙofar Wambai tana gabashin ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Mata da Ƙofar Mazugal. Wanda ya fita ta nan ya nufi Fagge, gaba da ita kuwa sai Sabon Gari. Wanda ya shigo, hanya ta ɗauke shi zuwa Kasuwar Kurmi. Tun da daɗewa wannan yanki wurin majema ne da dukawa da 'yan koli, watau masu ƙananan sana'o'i waɗanda ba su gaji sarauta ba, ba su kuwa ci abinci da takardar boko ba. Ran 8 ga Agusta, 1950, waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Sabon Gari, bayan ganuwa. Nufin wannan takarda shi ne a duba yadda ra'ayin da aka haifa a waje ya shigo birni har ya zauna a bakin majemi da baduku, sa'an nan a auna abin da waƙoƙin jam'iyyar suka iya yi da abin da suka kasa.

Babbar takardar manufar NEPU, wadda aka sani da Sanarwar Sawaba ta 1952, da Turanci aka rubuta ta, kalmominta kuwa sun yi kama ƙwarai da na 'yan gurguzun Ingila. Ta raba mutanen Arewa gida biyu, ma'aikatan En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen, ta kuma nuna cewa ba mai 'yantar da talaka sai talaka da kansa. Magana ce mai nauyi, amma masu iya karanta ta a cikin birni a lokacin nan ba su taka kara sun karya ba. Da a ce ita kaɗai jam'iyyar ta dogara da ita, da ba ta wuce zauren 'yan boko ba. Abin da ya ratsa ƙofa shi ne waƙa da wa'azi da lacca cikin Hausa.

Tun kafin jam'iyyar ta yi ƙarfi, waƙoƙi biyu sun shata iyakar gardamar. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu cikin 1958, ya yi Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. A cikinta bai nemi a rushe sarauta ba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna su gyara mulkinsu, su rungumi ilmi da shawara, tun kafin zamani ya ture su. Gargaɗin nan ba na banza ba ne, gama bayan da Indiya ta sami mulkin kai cikin 1947 sarakunanta sun rasa ikon ƙasashensu cikin 'yan shekaru kaɗan. Alhaji Mudi Sipikin, ɗaya daga cikin mutum takwas ɗin nan, ya mayar da amsa da Arewa Jumhuriya Kawai, inda ya zaɓi jumhuriya ba tare da wani kwana-kwana ba. Manazarta sukan ɗauki waƙar farko ta mai lallashi, ta biyu kuwa ta mai zafin kai. Amma in aka lura da kyau za a ga abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su. Dukansu biyu sun ɗauki sarauta a kan abin da ɗan Adam zai iya tattaunawa a kansa, ya ce a gyara ko a bari. Ga mutumin da ya tashi yana tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa in hakimi zai wuce, jin wannan gardama a cikin baiti, da harshensa, shi kansa babban sauyi ne.

Ƙarfin wannan adabi yana wuri biyu. Na farko, da ma'aunin da jama'a suka riga suka yarda da shi ya yi awo, watau adalci da zalunci kamar yadda malaman jihadi suka bayyana su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin al'adun da ya soki sarakunan Hausa a kansu. Saboda haka in ɗan NEPU ya soki jangali, yana iya cewa ba baƙon ra'ayi ya kawo ba, tunatarwa ce ya yi wa jikokin masu jihadi. Malam Aminu Kano, wanda ya zama shugaban jam'iyyar cikin 1953, ɗan gidan malamai ne na unguwar Sudawa, ya san Alƙur'ani da fiƙihu, ya kuma koyar a kwalejin horon malamai ta Maru kafin ya bar aiki cikin 1950. Abokan hamayya sun yi ta jifan jam'iyyarsa da cewa ta haɗa kai da NCNC ta mutanen Kudu, amma da wuya a ci shi da hujjar addini.

Na biyu, mawaƙan jam'iyyar, irin su Gambo Hawaja da Lawan Maiturare, da masu lacca a dandali, sun kira kowace cuta da sunanta: haraji, jangali, aikin tilas, bulalar 'yan doka, da kotun alƙali wadda take ƙarƙashin sarkin da ake ƙara. Baduku ba ya bukatar a fassara masa ma'anar haraji, gama ya san ranar da mai unguwa yake zuwa karɓa. Waƙa kuwa ba ta bukatar takarda. Wanda ya ji ta sau biyu sau uku ya hardace, ya rera ta yana aiki, ba kuwa yadda ɗan doka zai ƙwace ta kamar yadda zai ƙwace jarida.

To, in aka auna da ƙuri'a, sai a ce NEPU ba ta ci nasara ba. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, ta yi rinjaye a matakan farko a Kano, amma doka ta ba En'e ikon ƙara mutanenta a majalisar zaɓe ta ƙarshe, sai aka kayar da ita. A zaɓen tarayya na 1959 kujeru 8 ta samu, NPC kuwa 134, ko da yake Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. An ɗaure 'ya'yanta, an yi musu bulala, 'Yan Mahaukata sun far musu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta yi ta kiran a ba matan Arewa ƙuri'a, ta shiga kurkuku sau da yawa. Duk da haka, yawancin abin da jam'iyyar ta nema ya tabbata, sai dai ba ta hannunta ba. Bayan soja sun karɓi mulki cikin 1966 sun soke jam'iyyu, daga 1967 zuwa gaba aka raba sarakuna da kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, matan Arewa kuma suka sami ikon jefa ƙuri'a. Cikin 1979 gwamnonin PRP, magajiyar NEPU, watau Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Soja suna da nasu dalilai na rage ikon sarakuna, amma sun tarar da jama'ar da aka yi shekara goma sha shida ana nuna mata cewa waɗannan abubuwa zalunci ne, saboda haka ba wanda ya fito ya yi kukan rabuwa da su.

Kwatanci da ƙasar Nijar yana ƙara haske. A can ma an yi jam'iyya mai suna Sawaba, ta Jibo Bakari. An haramta ta cikin 1959, 'ya'yanta suka ɗauki makami cikin 1964, aka murƙushe su nan da nan. NEPU ta sha wuya matuƙa, amma ba ta bar dandali ta shiga daji ba, maganarta kuwa ta fi ta tsawon rai.

Sai dai adalcin nazari ya wajabta a faɗi inda wannan adabi ya gaza. Da yawa daga cikin waƙoƙin jam'iyya zambo ne da habaici ga abokan hamayya, da yabon shugaba. Kirarin da maroƙa suke yi wa sarki a ƙofar fada, kusan shi aka ɗauko aka sauya masa suna. Waƙar da ta koya wa talaka ya daina rusuna wa hakimi ba ta koya masa yadda zai tuhumi shugaban jam'iyyarsa ba. Haka kuma ta ƙware wajen faɗin abin da za a rushe, ta yi ƙarancin magana a kan abin da za a gina: in an soke haraji, da me za a biya malamin makaranta, wa kuma zai binciki baitulmali? Sakamakon wannan rashi ya bayyana da PRP ta hau mulki. Cikin 1980 ta dare biyu, 'yan Santsi tare da gwamnoni, 'yan Taɓo tare da Malam Aminu, kowane ɓangare yana jifan ɗan'uwansa da irin zambon da a dā ake yi wa NPC. Aka tsige Balarabe Musa cikin Yuni, 1981. Ran 10 ga Yuli na wannan shekara tarzoma ta tashi a Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, jam'iyyarsa tana rabe.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, ƙungiyar neman gyara takan cim ma babban buri in ta yi magana da harshen mutanen da take nema, ta kafa hujja da abin da suka riga suka gaskata, ta ambaci cuta da sunanta, ta kuma jure shan kaye shekara da shekaru. Amma wannan rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tsarin da zai riƙe ƙungiya bayan nasara, ya hukunta tsakanin 'ya'yanta in sun saɓa, ba tare da an jira bakin mutum ɗaya ba.

Malaman da suke koyar da waɗannan waƙoƙi a kwalejoji za su kyauta in ba su tsaya ga karin waƙa da amsa-amo kaɗai ba. Ya kamata a sa ɗalibi ya jera bukatun da kowace waƙa ta ambata, ya nemi shekarar da aka biya kowace ɗaya da wanda ya biya ta, sa'an nan ya rubuta waɗanda har yanzu masu sana'a a Ƙofar Wambai suke jira.