BABI NA HUƊU: WAYAR SALULA DA AL'ADAR KUNYA A FINAFINAN HAUSA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tarken yadda finafinan Hausa suke nuna wayar salula a cikin mu'amalar Bahaushe ta yau da kullum. Ma'aunin da za a ɗora aikin a kai shi ne kunya da ladabi, waɗanda suna daga cikin halaye 10 da Kirk-Greene (1974) ya kawo a matsayin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa. Abin da ake son ganowa shi ne ko hoton da finafinan suke bayarwa ya dace da yadda jama'a suke riƙe da waya a zahiri. Yin haka yana da muhimmanci, domin duk wanda zai zo nan gaba yana neman sanin yadda Hausawa suka karɓi waya, fim yana cikin abubuwan da zai fara dubawa.

4.1 Zuwan Waya Cikin Fim

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya girmi wayar salula a Nijeriya. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a shekarar 1990, alhali kuwa sai a watan Agusta na 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, sannan Glo ya biyo baya a 2003. Kafin wannan lokaci, layukan tarho na NITEL ba su kai 500,000 ba a duk faɗin ƙasar. Saboda haka a finafinan farko, ɗan aike da wasiƙa su ne suke haɗa saurayi da budurwa, zance kuwa a zaure ko a ƙofar gida ake yin sa. Idan aka ga tarho a falon Alhaji, to alamar arziki ce kawai.

A shekarar 2007 wani hoton bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a hannun jama'a, kuma ya shafi wata 'yar wasa. Wannan ya sa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni. Ana iya cewa masana'antar ta san ɗacin waya tun kafin ta gama sanin amfaninta, kuma wannan nazari yana ganin hakan ya yi tasiri a kan irin kallon da take yi mata.

4.2 Matsayin Waya a Cikin Labari

Idan aka lura, ayyuka uku ne finafinan suka fi ɗora wa waya. Na farko, kayan yaudara ce, inda mutum zai ce yana Kaduna alhali yana bayan layi. Na biyu, matonar asiri ce, wato mata ta ɗauki wayar miji ta ga saƙon tes, sai gida ya kama da wuta. Na uku, abin taƙama ce, wadda saurayi mai kuɗi yake ƙwace budurwa da ita.

Ta fuskar zubi da tsari, wannan dabara tana da rauni. A da, kafin tsegumi ya isa kunnen uwargida sai an samar da wadda za ta kai shi, kamar dillaliya ko maƙwabciya, kuma dole marubuci ya ba ta hali da dalili da salon magana. Yanzu saƙo ɗaya ya ɗauke wannan aiki. Labari ya yi sauri, amma an yi asarar tauraro guda, da kuma habaici da zaurancen da yake zuwa da su. Haka nan akan yanke gaisuwa domin tattalin lokaci, har mai kallo ya ɗauka cewa Bahaushe yakan kira surukinsa ya faɗa cikin magana kai tsaye.

4.3 Abin da Finafinan Suka Tsallake

A zahiri, Hausawa sun shimfiɗa wa waya ƙa'idojin da suka samo asali daga tsohuwar tarbiyya, kuma ba safai ake gina labari a kansu ba.

(a) Gaisuwa: Wanda ya kira babba yakan fara da sallama, ya tambayi kwana da gajiya da iyali kafin ya kawo buƙatarsa. Sau da yawa akan ga mutum ya rusuna ko ya sassauta murya yana gaida mahaifinsa, ko da yake uban ba ya ganin sa.

(b) Alkunya: Matar da ba ta kiran sunan mijinta da baki, ba ta cika rubuta shi a waya ba. Takan sa Maigida ko Abban wane. Ke nan alkunya ta bi ta har cikin ma'ajiyar lambobi.

(c) Filashin da kati: Musamman a shekarun da kira yake da tsada, yaro yakan yi wa ubangidansa filashin shi kuma ya kira, domin nauyi a kan babba yake. Saurayin da ya yi wa budurwa filashin kuwa ya jawo wa kansa gori. Tura mata kati ya shiga sahun toshi.

(d) Ta'aziyya: Ana karɓar ta waya daga wanda yake nesa, amma ɗan'uwan da yake gari ɗaya ya tsaya a kan kira, za a riƙe shi da laifi. Har gobe zumunta a ƙafa take.

(e) Sana'ar mata: Matar da take kulle, wadda a da sai ta ɗora wa yarinya talla, yanzu tana iya tallata turaren wuta ko atamfa ta WhatsApp ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

4.4 Inda Finafinan Suka Yi Gaskiya

Duk da haka, fargabar masu shirya fim tana da tushe. Tsarin gidan Bahaushe ya dogara ne a kan zaure: baƙo ya yi sallama, a aiko yaro, a san wane ne shi kuma ɗan gidan wane ne. Kiran waya ba ya bi ta zaure. Lokacin da wasu kamfanoni suke bayar da kiran dare kyauta, zancen da ake tashi daga gare shi bayan lisha ya koma ƙuryar ɗaki har asuba, ba da sanin iyaye ba. A nan finafinan sun taɓo ciwo na gaskiya. Kuskurensu shi ne ɗora laifin a kan na'urar, maimakon su bi diddigin wanda aikin sa ido ya suɓuce wa, da abin da ya maye gurbin zauren.

4.5 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa finafinan Hausa sun kawo ɓarnar waya, amma sun yi sakaci da yadda al'umma ta hore ta. Mai kallo yana ganin matar da ta binciki wayar mijinta, ba ya ganin wadda ta ji nauyin rubuta sunansa, alhali dukansu biyu suna cikin unguwa ɗaya. Shirye-shirye masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, suna da isasshen fili na kawo waɗannan ƙananan ɗabi'u. Ya rage ga marubuta su yi amfani da wannan fili, domin a cikin gaisuwa da alkunya ne ake gane kunyar Bahaushe. Babi na gaba zai dubi harshen da taurari suke amfani da shi a lokacin da suke waya.