Laifi da Zuciyar Mai Laifi a Cikin Jiki Magayi

1.0 Gabatarwa

Labaran aikata laifi iri biyu ne. Akwai wanda ake ɓoye wa mai karatu mai laifin, a bar shi yana bin sawu tare da ɗan sanda har a gano shi. Akwai kuma wanda tun farko an san mai laifin, abin da ake bi shi ne yadda zuciyarsa ta kai shi ga abin da ya aikata. Irin na biyun ne marubucin Rasha Dostoyebski ya shahara da shi tun 1866, a littafinsa na ɗalibin da ya kashe tsohuwa mai ba da rance. Wannan maƙala tana so ta nuna cewa adabin Hausa ya sami irin wannan labari tun farkon tasowar ƙagaggun labarai, a cikin Jiki Magayi, kuma ta duba inda littafin ya yi ƙarfi da inda ya gaza.

2.0 Mawallafa

Jiki Magayi ya fito a Zariya cikin jerin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933. Sauran su ne Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi. Shi kaɗai ne mai ɗauke da sunan mutum biyu: John Tafida, mutumin Wusasa, da Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar. Wannan ya sa wasu manazarta suke ɗora kyawun zubinsa a kan East. Ko da hannun East ya taɓa tsarin, damuwar da ke cikin labarin ta ƙasar Hausa ce: neman haihuwa, auren da dukiya ta ƙulla, da zuwa wurin masu magani idan ƙarfi ya ƙare.

3.0 Labarin a Taƙaice

Malam Shaihu attajiri ne, amma ba shi da ɗa. Ya nemi Zainab, wadda ta riga ta yi alkawari da saurayinta Abubakar, dukiya kuwa ta rinjayi alkawari. Abubakar ya bar gari ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, har ya samo maganin da ya lalata ɗan da aka haifa, Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, ya faɗa hannun wani gawurtaccen ɓarawo, Dogon Yaro, daga ƙarshe ya zama sanadin mutuwar ubansa ba da saninsa ba. Da ya ji asalin abin, sai ya fita neman Abubakar, amma ajali ya riga shi.

4.0 Wane ne Mai Laifi?

Mai karatu zai fara nuna Kyauta, domin shi ne mai sata. Amma mawallafa sun zare wa Kyauta zaɓi tun yana jariri. Ba ya sata don yunwa ko kwaɗayi, an ɗora masa ne. Saboda haka ba a cikin zuciyarsa ake neman laifin ba.

Abubakar ne tauraron da aka buɗe mana cikinsa. Da farko shi aka zalunta, mai karatu kuma yana tare da shi. Abin lura shi ne bai ɗauki wuƙa ya auka wa Malam Shaihu cikin fushi ba. Ya yi haƙurin shekaru, ya sha wuyar tafiya, ya zaɓi ya soki abokin gabarsa a daidai inda ya fi jin ciwo, wato ɗan da ya yi auren dominsa. Fushi yakan huce kafin gari ya waye; abin da ke cikin Abubakar ƙullatar zuci ce wadda ake ciyarwa kullum har ta cinye mai ita. A hankali tausayin mai karatu yake janyewa daga gare shi, ba tare da an tsaya an yi masa wa'azi ba. A nan ne littafin ya bambanta da Ruwan Bagaja, inda dabarun Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ba da dariya, ba wanda ke tambayar abin da suka bari a zuciyar kowa.

Malam Shaihu ma bai kuɓuta ba. Bai karya dokar alƙali ba, aurensa halal ne. Amma ya sayi abin da ya san na wani ne, daga nan kuwa kome ya faro.

5.0 Rauni

Raunin littafin shi ne maganin. Da an bar Kyauta ya lalace ta hanyar shagwaɓar ɗan da aka daɗe ana nema, da laifin ya zauna cikin gida, da nazarin halin mutum ya fi haka zurfi. Sihiri ya ba iyaye mafita, ya ba yaro uzuri. Wannan giɓi ne Bature Gagare ya cike a Ƙarshen Alewa Ƙasa (1982), inda Mailoma ya fito daga yaƙin basasa ya zama shugaban 'yan ta'adda. Abin da ya gani da abin da ya zaɓa su suka mai da shi haka. Sulaiman Ibrahim Katsina kuma, a Turmin Danya na wannan shekara, ya kai laifin cikin fasa-ƙwauri da cin hanci.

6.0 Kammalawa

Malamai da dama sukan koyar da Jiki Magayi a kan jigon illar auren kuɗi, su tsaya nan. Wannan ya rage wa littafin daraja. Ya kamata a sa ɗalibai su bi Abubakar daki-daki, su faɗi a wane wuri ne wanda aka zalunta ya koma azzalumi. Ɗalibin da ya iya amsa wannan ya fahimci littafin, ya kuma sami ma'aunin da zai auna labaran laifi da suka biyo baya.