Yadda Ake Sauko da Kaza da 'Ya'yanta Cikin Kwamfuta

A Ɗankaza, ƙasar Wudil, daren hunturu ne lokacin kallon Kaza da 'ya'yanta, tarin taurarin nan da Larabawa ke kira Surayya. Sai dai a lokacin ne kuma hazo ke lulluɓe sama. A irin wannan dare ne ɗan ƙanena, wanda ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ya ce mini, "Baba, zauna in kawo maka ita." Ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa a kan tabarma, ya jona ta da intanet ɗin wayarsa.

Girka kayan aikin ba ya cin lokaci. Ana sa harshen kwamfuta mai suna Python, a ɗora masa wata manhaja mai suna astroquery, wadda aikinta shi ne aika buƙata zuwa rumbunan hotunan sama ta karɓo amsa. Gwanintar tana wajen sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ni da na ji ana maganar hoton taurari, Hubble ce ta faɗo mini a rai, na'urar hangen nesa da aka harba a 1990. Yaron ya girgiza kai. Idon Hubble ƙunci gare shi, abin da take ɗauka a hoto ɗaya bai fi kashi ɗaya cikin goma na faɗin wata ba, ita kuwa Kaza ta kai faɗin wata huɗu a jere. Wanda ya nemi Kaza a wurinta, fiffike kawai zai samu. Don haka sai ya nufi SkyView, wani rumbu na hukumar NASA ta Amurka, inda ake samun hotunan sama da aka soma ɗauka kan faranta na gilashi a dutsen Palomar tun shekarun 1950, daga baya aka mayar da su na kwamfuta. Can ba su san Kaza ba, sunanta a littafin masana M45. Ya rubuta sunan, ya faɗi faɗin filin da yake so, ya ƙayyade girman hoton.

Wannan ƙayyadewa ta burge ni ƙwarai. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ba ya ɗibar abin da ba zai ci ba. Yakan fara jawo ƙaramin hoto ya tabbatar saitin ya yi daidai, sannan ya nemi babba. Ya kuma koya wa shirin da yake sauko da hotunan da shi ya riƙa duba abin da ya riga ya sauka, domin idan sabis ya yanke ko caji ya ƙare, a ci gaba daga inda aka tsaya. Manyan fayiloli kuwa sai tsakar dare, lokacin da layi ya yi sauƙi.

Da hoton ya iso, sai na ga baƙi ƙirin da 'yan ɗigo-ɗigo. Na ɗauka aikin ya lalace. Ashe irin wannan fayil, da ake kira FITS, lissafin hasken da ya faɗa kan kowane ɗigo ne, kuma yawancinsa ya yi rauni da ido zai gani. Ya buɗe shi da manhajar DS9, ya riƙa jan ma'aunin haske a hankali, kamar mai hura garwashi. In ya zarce, manyan taurarin su cinye komai. In ya gaza, ƙananan su ɓace. A tsakanin nan ne wata ƙura mai kama da hayaƙi ta bayyana kewaye da taurarin. Hasken da ya fito daga can yakan yi shekara kusan 440 a hanya kafin ya iso duniya.

Ido kan ƙirga 'ya'yan Kaza shida ko bakwai, alhali sun haura dubu. Kakar yaron ta matso da tabarmarta, ta sa yatsa a kan gilashin tana ƙirgawa, ta wuce arba'in, sannan ta ce ya ƙara girman gefen hagu ta gani da kyau.