Tsirkiya Ɗaya: Sharhi a Kan Rayuwa da Waƙoƙin Ɗan Maraya Jos

Masu nazarin waƙar baka sun daɗe da kasa mawaƙan Hausa gida-gida. Akwai mawaƙan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. Akwai mawaƙan sana'a, masu yi wa manoma da maƙera da mahauta kiɗa. Akwai kuma mawaƙan jama'a, waɗanda marigayi Mamman Shata ya zame musu jigo. Wannan rabo yana da amfani ga ɗalibi, sai dai akwai tambayar da ya bari ba amsa: mawaƙin da ba shi da ubangida, ba shi da 'yan amshi, wa yake yi wa waƙa? Kuma me zaman kansa ya ƙara wa fasaharsa? A ganinmu, babu inda ya kamata a nemi amsa irin rayuwar Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos.

An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Iyayen duka biyu sun rasu tun yana jariri, daga nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali, sarkin kuma shi ya riƙe shi. Ke nan ta wajen gado da ta wajen riƙo, ƙofar kiɗan fada a buɗe take gare shi. Amma wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ta sa ya ga makaɗan can, ya haɗa kuntiginsa, bai kuma ajiye shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Kuntigi dai gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya ɗaya tak. Kada mai karatu ya raina wannan zaɓi, domin shi ne tushen komai. Mawaƙin da ke tafe da makaɗa da 'yan amshi da sanƙira dole ya ciyar da su, dole ya nemi mota, saboda haka dole ya nemi mai hannu da shuni. Wanda kuwa kayan aikinsa ke shiga aljihu, bakinsa kaɗai yake ciyarwa a kan hanya. Sauƙin ɗawainiya shi ya ba Ɗan Maraya damar zaɓen wanda zai waƙe.

Haka nan kuntigi ya shafi tsarin waƙar kanta. Amshi wurin hutawa ne ga jagora, a nan yake numfasawa ya shirya ɗa na gaba. Ɗan Maraya ba shi da wannan gata. Idan ya yi shiru, tsirkiya ce kaɗai za ta riƙe masa mai sauraro. Shi ya sa ɗiyan waƙarsa gajeru ne, masu sauri, labari kuma shi ke jan su. A waƙar "Gulma-Wuya", inda wata magulmaciya ke haɗa baki da boka suna raba aure, shi kaɗai yake sauya murya ya zama wannan, ya zama waccan. Wato rashin abokan aiki ya tilasta masa ya mai da waƙa wasan kwaikwayo.

To, da ya sami wannan sarari, wa ya duba? Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta "Karen Mota". Mu da ke nan Toranke ba sai an yi mana bayanin karen mota ba. Da zarar an gama kaka samarinmu suke kama hanyar Gaya da Wudil zuwa ci-rani, kuma a cikinsu akwai masu lodi, da masu saka weji a ƙarƙashin taya, da masu kwana a gindin mota suna gadin kaya. Sunan sana'ar ma zagi ne. Ɗan Maraya ya ɗauki kirari, wanda a da kayan sarakuna da attajirai ne, ya rataya wa wannan yaro. Bai wanke masa daƙwalwar riga ba, bai ce shi wani ne ba. Ya nuna shi yadda yake, ya kuma nuna cewa mota ba ta tafiya sai da shi. A nan ne muke ganin gwanintarsa ta fi fitowa.

Akwai misalin da zai taimaka daga ƙetare. A Amurka akwai kiɗan mutanen karkara da ake kira kantiri, irin na su Jim Reeves da Don Williams, wanda kaset ya yaɗa a ƙasar nan. Shi ma yana da waƙoƙin direbobin manyan motoci. Cibiyarsa birnin Nashville ne, inda kamfanoni ke tsara wa mawaƙi irin kiɗan da za a ɗora wa waƙarsa. Willie Nelson ya gaji da wannan, ya koma jiharsu ta Texas a farkon shekarun 1970. A 1975 ya fitar da faifan "Red Headed Stranger" da kayan kiɗa 'yan kaɗan, har kamfanin ya ɗauka aikin bai kammala ba, amma jama'a suka karɓe shi hannu biyu. Abin da Nelson ya yi faɗa kafin ya samu, Ɗan Maraya da shi ya fara. Can kamfani ne ubangida, nan fada ce, amma matsalar ɗaya ce.

Duk da haka, sharhi ba yabo ba ne zalla. Zaman kan Ɗan Maraya yana da iyaka. Ya yi wa manyan mutane waƙa kamar kowane mawaƙi, kuma a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa. Ba mu ce wannan aibu ne ba, amma yana nuna cewa mawaƙi mai zaman kansa ma da jama'a da hukuma yake cin abinci.

Rauninsa na gaske, a wurinmu, yana wajen gargaɗi. A "Auren Dole" ya tsaya sosai a bayan yarinya, ya ɗora laifi inda ya dace. Amma a "Jawabin Aure", bayan ya jero illolin saki, maganin da ya bayar shi ne a daidaita, a yi haƙuri. Nasiha ce mai kyau, sai dai kowa ma zai iya yin ta. Duk inda ya bar nuna mutum ya koma faɗa wa mutane abin da za su yi, waƙar takan yi sanyi. Mun fi tuna magulmaciyar nan da muryarta fiye da darasin da aka rufe da shi.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suke buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, yau kuma waya kaɗai ta isa mutum ya fitar da labari ko waƙa. Kowa ya sami kuntiginsa. Amma sau nawa marubucin da ya taso a Ajingi ko Gaya yake kai taurarinsa gidan bene a Nasarawa, ya bar mai garuwa da ɗan dako da mai tallan fura, waɗanda ya fi sani ciki da bai? Ba wanda ya tilasta masa. Idan mutum ya kuɓuta daga ubangida, sannan ya ci gaba da yi wa masu kuɗi kirari a kyauta, ina amfanin kuɓutar?

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, bayan ya sami lambobin girma na ƙasa da digirin girmamawa na Jami'ar Jos. Shawararmu ga sabon marubuci ita ce ya saurari "Karen Mota" da biro a hannu, ya ƙirga abubuwan da mawaƙin ya gani da idonsa kafin ya buɗe baki. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.