Akun Musa da Sauran 'Ya'yan Gari: Nazarin Magana Jari Ce daga Yammacin Zamfara

A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1937, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya haɗa kai da abokan gaba don a kama yaron da zarar ya fita, shi kuwa aku sai ya riƙa tsare shi da labari, dare bayan dare, har gari ya waye. Manazarta sun saba ɗaukar wannan a matsayin zaren da ya ɗinke labaran kawai. Ni kuwa ina ganin jigo ne mai zaman kansa: an mai da koyarwa garu, ana karantar da yaro a cikin gida domin waje ya zama wurin halaka.

Wanda ya san Anka, Gummi da Bukkuyum ba ya bukatar a fassara masa wannan. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar kwana ta gwamnati a Jangebe, cikin Talata Mafara. A farkon Satumba na shekarar aka sake ɗiban wasu a Kaya ta Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu. Uban da ya ga haka ya cire 'yarsa daga makarantar kwana, ya kai ta makarantar kuɗi da ke bayan gidansa, ko ya ɗauko malamin lesin ya zaunar a zaure, aikin aku ya yi. Ban ga laifinsa ba, kuma duk wanda ke zaune a Abuja yana zarginsa da ƙin boko bai taɓa jiran ƙarar babura da tsakar dare ba.

Sai dai littafin ya bar wata tambaya da bai amsa ba: wa ke da aku? Ɗan sarki ne. A duk tsawon dararen nan ba a nuna mana wanda ya tsare 'ya'yan talakawan birnin ba, alhali yaƙin nasu ne su ma. Ko a littafi na uku, da aku ya zama waziri, ɗansa Fasih ya zaunar yana koya wa hikima. Ilmin bai bar fada ba. A nan nake ganin iyakar hangen labarin, kuma iyakar ce ta abin da muke kira zaɓi a yau. Iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka suka fake a garin Anka ba su zaɓi komai ba. Haka yaran Bagega, Dareta da Abare a Anka, da na 'Yargalma a Bukkuyum, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Waɗanda suka tsira a hannun likitocin MSF yanzu sun kai shekarun sakandare, kuma sananne ne dalma na raunana ƙwaƙwalwar yaro. Su ne suka fi bukatar malami mai haƙuri, su ne kuma makarantar da ke tallata kanta da sakamakon jarrabawa ba za ta yi marmarin ɗauka ba.

Abin mamaki, rayuwar marubucin ta saɓa wa labarinsa. Imam ɗan gidan malamai ne, ya fara karatu a gida, amma makarantun gwamnati na Katsina ne suka haɗa shi da boko, kuma hukumar talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ce ta sa shi rubuta littafin domin a karanta a makarantu. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda tauraronsa Shaihu Umar ya yi karatu a gaban malami guda a gidan Balarabe, ya kuma ƙare yana karantarwa a gidansa a Rauta: shi ma ajin Katsina ya zauna. Dukansu sun yabi karatun zaure da alƙalamin da makarantar hukuma ta ba su. (Kada a manta kuma da farashin ilmin Umar: sato shi aka yi, uwarsa ta faɗa bauta wajen nemansa, ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu.) Labaran da aka faɗa wa yaro guda a ɗaki, aji ne ya fito da su ya raba wa ɗan manomi da ɗan maƙeri.

Wannan rabon ne ke raguwa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta yi alkawarin karatun shekara tara kyauta kuma tilas, amma idan ma'aikaci da ɗan kasuwa da kansila duk sun janye 'ya'yansu, babu mai murya da ya rage da zai tambayi dalilin da ya sa rufin aji ya yaye ko malami bai zo ba. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilmi a Nuwamba 2023, amma gini ba ya mayar da amana cikin zango ɗaya. Makarantar kuɗin ma ba kowacce ce aku ba. Wata shago ce da aka raba da katako, malaminta na karɓar albashin da bai kai na gwamnati ba, abin tinƙahonta Turanci da kayan makaranta masu launi. A wasunsu ana hukunta yaro don ya yi Hausa a aji, yaron da kakansa ya koyi karatu da labarin Musa da aku.